Na Roƙi Juma'a, An Ba Ni

Zuwa ga yayata Habi, a Turba,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? An gama yankan gero?

Ni ƙalau nike, kada ki tada hankalinta. Gaskiya dai, watan jiya muryata ta dishe har kwana huɗu. Tun zuwana Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, nike koyar da Turanci, yara da safe, 'yan kasuwa da marece, babu hutu ko na yini ɗaya. Kunya ta hana ni cewa na gaji.

Da na warke na tafi wajen shugabar makaranta. Na ce, "Hajiya, ko shanun huɗa ana kwance masu karkiya. Ina roƙon a ba ni Juma'a in huta." Ta yi dariya, ta ce, "Malam Kalilu, me ya hana ka magana tun farko? Juma'a taka ce."

Yanzu in an sauko daga masallaci, bakin teku nike zama, ba alli ba littafi.

Roƙona ɗaya: ran Juma'a bayan la'asar ki kai ma Inna waya. Za ni kira, kuma wannan karon ba ta jin na ce ina sauri.

Allah shi sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Kalilu