Babur Ɗinka Ya Iso Yuma

Yuma, Arizona
Farkon watan Disamba

Zuwa ga yayana Myron,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Darlene. Allah Ya sassauta muku sanyin Yellowknife, wanda na san yanzu ya kai matsayin da ko kare ba ya son leƙa waje. Yaya gwiwar taka? Darlene ta ce min ka ajiye maganin wai yana sa ka barci. Don Allah ka koma ka sha, ba kai kaɗai kake da kanka ba. Mu dai mun iso, da ranmu, mun gode Allah. 'Yarmu Tamara ta kira shekaranjiya daga Regina, cikinta ya fito sosai, likita ya ce haihuwa sai watan Maris. Gwaggo Stefka tana nan a gidan tsofaffi a Yorkton, har yanzu tana cinye kowa a karta, tana kuma rantsuwa ba ta leƙen hannun mutane.

Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne saboda idan na kira ka a waya za ka ba ni dariya, in ajiye wayar ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Haka kake yi min tun muna yara. Wannan karon ina so ka zauna ka karanta har ƙarshe, domin maganar babur ɗinka ce.

Ka tuna bayan bikin Tamara, da gwiwarka ta kumbura ka kasa komawa gida a kansa, muna zaune a bayan gida kana cin ragowar naɗin kabeji, ka ce ai abin ma ya zo da sauƙi. Mu ɗora shi a bayan babbar motarmu mai ɗakin kwana a ciki mu gangara da shi kudu idan sanyi ya shigo, kai kuma ka biyo jirgi a watan Janairu ka yi wata guda tare da mu kana zaga hamada. Ban ko buɗe baki ba Orest ya ce an gama. Ka san mijin nawa, tun da ya aure ni bai taɓa iya ce maka a'a ba. Da na tambaya ko motar za ta iya, ku biyun kuka kwashe da dariya, ka ce motar da ke ɗauke da tukwanena da keken ɗinkina ba babur ne zai gagare ta ba. Orest ya kai ta wurin abokinsa mai walda aka haɗa mata kariya, wato mazaunin ƙarfe na ɗora babur, a baya, da wani dogon ƙarfe da ake jinginawa a turo babur ɗin sama a kansa. Ranar tafiya sai da maƙwabta suka taru kafin ya hau. Da aka gama ɗauri na ja baya na kalli motar, sai na ga ta zauna da gindi ta ɗaga hanci sama, kamar kare mai roƙon abinci. Na nuna wa Orest, ya ce idona ne.

Ba idona ba ne, Myron. Muna shiga Montana iska ta tare mu, nauyin duk ya koma baya, gaban motar ya yi sakayau, sitiyari yana yawo a hannun Orest. Duk babbar motar da ta wuce mu sai mun yi layi kamar mashaya. A gidan mai na farko da muka shiga, kariyar ta gurji kwalta da wata irin ƙara har masu shan mai suka waiwayo gaba ɗaya. Daga nan ba ma yin nisa sai ya tsaya ya zagaya ya jijjiga igiyoyin ya dawo. Mutumin da na yi shekaru ina roƙo ya tsaya in ɗauki hoto yana cewa za mu makara, sai ga shi yana tsayawa a kowane lungu saboda babur ɗin wani. Sannan babu wanda ya tuna a cikinku cewa ƙofar ma'ajiyar kayanmu a baya take. Kujerun zamanmu, murhun gashi, akwatin kayan gyara, tayar safaya, duk babur ɗinka ya tsaya musu a ƙofa. A kan matakalar mota na riƙa zama ina shan shayina.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Orest daɗin abin yake ji. Duk zangon da muka yada sai tsofaffi sun kewaye bayan motarmu, hannu a aljihu, suna gyaɗa kai. Wani mai ƙaton tumbi daga Alberta ya dafa kafaɗar mijina ya ce wai tsoho ashe da sauranka. Orest, wanda rabonsa da hawa ko keke tun muna saurayi da budurwa, sai ya gyara tsayuwa ya ce ai yana ɗan taɓawa. Na leƙo ta taga na ce ƙwarai kuwa yana taɓawa, kullum da safe da tsumma. Ranar bai ci abincina da daɗin rai ba.

Yanzu ga abin da Orest ya hana ni gaya maka. A Dillon muka tashi da safe muka tarar taya ɗaya ta baya ta kwanta. Na ce mu kira masu gyara, ya ce a kan taya ɗaya ba zai tara wa kansa jama'a ba, mu sauke babur ya ɗauko safaya. Raɓa ta daskare a kan ƙarfen, na faɗa masa, ya ce in riƙe baya kawai in bar surutu. Ya kama ƙahon babur ɗin, muka fara gangaro da shi a hankali. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga taya ta zame, abin ya ƙwace daga hannuna ya kwanta a kansa. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji muryarsa. Na ja, na tura, na sa kafaɗa, ko motsi babur ɗin bai yi ba. Orest yana ƙasa fuskarsa ta yi fari fat, ni kuma ina gudu da silifas ina bubbuga ƙofofin mutanen da ban sani ba. Wata mata mai suna Jolene da mijinta Dwight, masu kiwon dawaki a can kusa, su suka fito suka ɗaga shi. Ka san abin da surukinka ya fara tambaya da ya samu numfashi? Wai tankin man babur ɗin ya kwarzane? Na ce masa da ba a karye yake ba, da ni zan karya shi. Don ka sani, tankin ya kwarzane, madubin hagu ma ya fashe, kuma ban damu ba.

A asibiti suka ce ƙashin kafaɗa ya karye, jijiya ma ta yage, babu shi babu tuƙi. Komawa gida ba ta taso ba, tunda mun ba wata ma'aikaciyar jinya hayar gidan har bazara, ga shi ana ta sanarwar dusar ƙanƙara na tafe. Jolene ta ce mu bar babur ɗin a rumbunsu, babu abin da zai taɓa shi, mai shi ya zo ya ɗauka ranar da ya ga dama. Orest, da hannu a rataye, ya ce wannan ita ce shawara. Ni ce na ce a'a, Myron. Ni da bakina na ce a mayar da shi kan kariya. Jolene ta dube ni ta ce ko dai ni ma na bugu ne a ka. Ban iya yi mata bayani ba, amma kai zan yi maka. Na san idan babur ɗin ya tsaya a Montana, ka samu dalilin ƙin zuwa. Tun rasuwar Mama ba mu zauna ni da kai mun yi hira ta kirki ba, sai dai a biki ko a jana'iza, kana duba agogo. Na ce a raina, idan ba za ka zo don ni ba, ai za ka zo don shi.

Dwight ya gyara tayar, ya zubar da ruwan tankin baya, ya kwaso kaya masu nauyi ya dawo da su gaba, har keken ɗinkina ya kwana a ƙarƙashin teburin cin abinci. Ya ce in tafi a hankali, duk wanda ya matsa min hon in ɗaga masa hannu in yi masa fatan alheri. Haka na hau kujerar direba, ni da ban taɓa tuƙa abin da ya wuce ƙaramar motata ba. Hawan dutsen Monida ba zan manta da shi ba har in mutu. Ƙanƙara ta fara sauka, iska na turo mu gefe, bayan motar na jan mu duk inda ya so, hannuwana sun ƙage a kan sitiyari. Orest yana gefe yana ta ba ni umarni, in taka, in saki, in bar tsakiya, in bar gefe, har na ce masa ya zaɓa, ko ya yi shiru ko ya koma baya ya zauna a kan babur ɗin tunda yana taɓawa. Ya yi shiru. Can sai na ji yana addu'a ƙasa-ƙasa, irin wadda Baba ke yi idan ƙanƙara ta taso wa alkama. Da muka gangara Idaho na samu wuri na tsaya, na kifa kai a sitiyari na yi kuka mai isata.

A St. George saƙonka ya shigo wayar Orest. Da yake hannunsa ɗaya ne, ni ya miƙa wa in karanta masa. Da muryata na karanta cewa an ƙara muku wa'adin aiki, da wuya ka samu zuwa bana, amma babu damuwa, mu dawo da shi gida mu sake kawo shi baɗi. Har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe. Kai da aka yi wa walimar ritaya muka aiko maka da agogo! Na ajiye wayar na fita waje na tsaya ina kallon babur ɗin nan, wallahi na yi tunanin in kwance igiyoyin in ja mota in bar shi ya san inda dare ya yi masa. Orest ya biyo ni ya ce in yi haƙuri, ba ka san abin da ya faru ba, kuma babur ba shi da laifi. Na ce na sani, ai shi babur ɗin ya zo, mai shi ne bai zo ba.

Ba na so ka ɗauka ina ɗora maka karayar Orest. Taurin kansa ne ya karya shi, ni kuma na taya shi riƙe baya. Abin da nake so ka sani shi ne babu wani baɗi. Likitan nan Yuma ya duba kafaɗar ya ce ƙashi zai haɗe, amma hannun ba zai ƙara ɗaguwa yadda yake a da ba, tuƙin doguwar hanya kuwa ya manta da shi. Ni ma na yi na farko na yi na ƙarshe a kan dutsen nan. Mijin Tamara zai zo ya mayar da mu gida kafin ta haihu, muna isa za mu sa motar a kasuwa. Mun yi shawarar ne muna zaune a waje da yamma, Orest ya ce to, mun dai ga hanya. Wannan ne sanyinmu na ƙarshe a nan, kuma shi ne wanda ka yi alkawarin za ka yi tare da mu.

Maƙwabtanmu na zango sun taru sun sauke babur ɗin, yana nan a gefen ƙofarmu na lulluɓe shi. Jiya kuma na kira mai walda ya yanke kariyar gaba ɗaya, na ba shi ƙarfen kyauta. Orest ya tsaya yana kallo bai hana ba. Saboda haka babur ɗinka ba shi da hanyar barin Yuma sai da kai. In gwiwa ta yarda ka hau shi ka tafi, in ta ƙi ka sayar da shi da hannunka, wannan ya rage naka. Kada ka turo min kuɗin dako, kada ka turo wani yaron abokinka, kada kuma ka kira ni ka ba ni dariya. Ka je wurin masu aikin nan ka ce musu kana da ƙanwa. Rana tana nan da ɗumi, lemo ya nuna a bishiyar maƙwabta, akwai gado a saman wurin direba, ya ishe ku kai da Darlene idan ka rage minshari.

Ka gaishe min da Darlene da kyau, ka ce mata na gode da safar da ta saƙa wa jaririn Tamara, kuma ta karanta wannan takarda ita ma, don na san za ka so ka ɓoye. Ka gaida ɗanka Taras da matarsa da yaran idan kun yi waya, da tsohon abokinka Gordie. Orest yana gaishe ka, ya ce in rubuta cewa shi zai sayi sabon madubi, ya kuma ce kada in rubuta sauran. Na ce masa ya makara. Allah Ya tsare ku, Ya ƙara lafiya, Ya kawo ka gare mu a Janairu.

Ƙanwarka, wadda har yanzu take fushi da kai,
Lesia