Robar da Ammar Ya Ɗaura a Ƙafa

Kubwa, Abuja
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga ƙanina Abdulƙadir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nafeesa da yara. Allah Ya ƙara muku kwanciyar hankali a can Fatakwal. Mu nan da sauƙi. Batulu tana fama da hawan jininta kamar kullum, Zahra kuma ta koma makaranta.

Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, yau sai na faɗe ta. Kai ka laƙaba mini sunan Malam Ɗauri. Ka tuna lokacin da nake sashen wasanni a ma'aikata, na karanta binciken da ake yi a waje, cewa idan aka matse cinyar ɗan wasa da maɗaurin awon jini na 'yan mintuna, aka saki, aka maimaita kafin ya fara gudu, tsokarsa takan ɗan ƙara jure gajiya. Na nemi a bar ni in gwada a nan bisa ƙa'ida. Oga ya ce shi ba a gidan yari yake aiki ba da zai bari a ɗaure masa yara. Na kawo maka kukana ranar sunan Zahra, kai kuma ka mayar da shi abin dariya a gaban baƙi. Sunan ya bi ni har na yi ritaya. Digirina biyu a kan jikin ɗan Adam, amma a danginmu ni ne mai labarin ɗauri.

Ga inda abin ya kai mu. Ɗanka Ammar, tun da ka turo shi wajena yake shirin tantancewar shiga soja, kuma ka san bana ce shekarar ƙarshe da shekarunsa za su bari a ɗauke shi. Kullum da safe yana zuwa gudu bakin tafkin Jabi. Ashe ya ga wannan dabara a waya. Bai tambaye ni ba, ni da muke cin tuwo a kwano ɗaya. Ya samo robar da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya, ya tamke ƙafarsa ta dama ƙasa da gwiwa tun daga gida, ya sauke wando a kai. A ganinsa, iya daɗewar ɗauri iya ƙarfi. Ya shiga bas, cunkoso ya riƙe su a hanya. Ya ce tun suna tafe ya daina jin ƙafar, ya ɗauka aikin ne ya fara. Da ya kwance robar a Jabi, tafin ƙafar ya ƙi ɗaguwa.

Abdulƙadir, amfanin abin ba a ɗaurewa kaɗai yake ba, a sakin yake. Ɗan lokaci ake matsawa, da abu mai faɗi, a cinya, mai ilimin abin yana tsaye. Ko an yi daidai ma ribar kaɗan ce, wasu ba sa ganin komai. Da ya tambaye ni, da numfashi ɗaya zan gaya masa wannan. A asibiti na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa wajena. Ya sunkuyar da kai, ya ce Abba ya gargaɗe shi kada ya bari Baffa ya fara masa zancen ɗauri, don ba ya ƙarewa.

Likita ya ce jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ce robar ta danne. Yana sa ran za ta farfaɗo, amma sai an yi watanni ana gashi da motsa ta. Yanzu jan ƙafar yake yi. Ka kira shi, shi ba zai iya kiranka ba don kunya. Nafeesa kuwa ka gaya mata a hankali.

Ka gaishe ta, ka gaishe da Kauthar da Abdulbasit. Batulu tana yi muku jaje.

An yi tantancewar jiya Asabar. Abokan gudunsa sun je. Ammar yana ɗaki.

Yayanka,
Datti