Yorgelis Ba Ta Nemi Albarkata Ba

Chaguanas, Trinidad

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Jikarki Yorgelis tana cin abinci kuwa? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girma na koya.

Lafiyata ƙalau, Turancin nan ne ya ishe ni. Matar da zan yi jinyar tsohuwarta ta ce sai Turancin ya zauna a bakina za ta ɗauke ni aiki, ta ba ni ɗakin da zan kawo Yorgelis. Ga shi a Turanci suna da wata hanya daban ta faɗin abin da ya fara tuntuni bai ƙare ba. Kullum sai na ɓata. Norkis maƙwabciyata ta ce, "Ƙawata, ke da Turanci sai a lahira!"

Jiya malamarmu ta ajin Turanci ta ce kowa ya kawo misalin wannan hanyar. Na ce ban ga 'yata ba tun tana aji biyu. Ta tafa mini, wai yau na yi daidai. Daidai!

Mama, ran Lahadi a waya yarinyar nan ba ta ce "Mama, sa mini albarka" ba. Ta gaishe ni kamar baƙuwa. Kada ki yi mata faɗa. Ki gaya mata na sa, ko ba ta nema ba.

'Yarki,
Yusmary