Tafin Hannu a Goshin Jirgi

Bakin kogin Devgad,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga Mehrunnisa, Mehru tawa, sanyin idona, inuwar kwakwata da tsakar rana, ruwan farko na damina a kan jinkar ɗakina, ke da sunanki ke riga ni farkawa kullum safiya! Amincin Allah ya lulluɓe ki, ya lulluɓe gidanku, domin yau kun fi kowa bukatarsa, ku kuwa ba ku sani ba tukuna.

Ki dubi rubutun nan yadda ya karkace, kar ki ɗora wa teku laifi. Jirgin a ɗaure yake, ruwa kuma kwance lumui kamar nono a ƙwarya. Laifin abin da na gani jiya ne. Na yi niyyar wasiƙar farko da zan aiko miki daga hanya ta zama ta fariya, in cika ki da labarin jirgina har ki ce, "Kamru, ya isa haka, sai ka ce kai ka fara sayen jirgi a duniya." Wallahi da ita na so rubutawa. Ga shi wata nake rubutawa daban, ban ma san ta inda zan kama ta ba.

Kin san abin da ya fitar da ni daga gida. Kina bayan labule ranar da Kawu Latif, ƙanen mahaifiyata, ya je nema mini aurenki, Ummanki ta ce masa, "Latif, ban ƙi yaron ba. Amma 'yar Yaƙub ba za ta shiga gidan mai jan komar wani ba. Ya zo da jirgin kansa, ko da girman akushi ne." Shekara huɗu na yi a manyan jiragen kamun kifi masu inji a Bombay saboda wannan magana, gishiri ya ci tafin hannuna, ƙanƙara ta ci yatsuna, ban taɓa jin haushinta ba. Kowace koma na ja, fuskarki nake jawowa kusa.

Da labari ya zo cewa wani tsoho a Karwar, Damodar, zai sayar da ƙaramin jirginsa mai tafiya da iska, ni da Kawu ko abincin rana ba mu tsaya ci ba. Ya Mehru, da kin gan shi a kan yashi! Shuɗi, da ɗamara rawaya, siriri, hancinsa a ɗage kamar ya san ana kallonsa. Kawu ya zagaya shi sau biyu yana ƙwanƙwasa katako, ya ce, "Ƙirar nan kamar ta wajenmu." Damodar ya yi dariya ya ce, "Wa ya sani? Wannan teku ce ta haifa mana shi. Yayana ya tsince shi kife bayan babbar guguwar nan, ba kowa a ciki sai butar alwala ɗaure da igiya. Mun yi cigiya har mun gaji, ba mai shi." Na ji wannan magana da kunnena, Mehru. Na ji ta! Amma wace damina ce teku ba ta amayo jirgin wani ba? Kuma ina Karwar, ina garinmu, tafiyar kwana biyar? Murna ta toshe mini kunne. Ban tambaye shi shekara nawa ke nan ba, na shagala da shafa cikin jirgin ina tunanin inda za ki zauna. Tsohon ya fasa mana kwakwa a goshinsa, ya ba mu shayi, muka ɗaga zanen da iska ke turawa muka kamo hanyar arewa.

Kwana biyu na yi ina ganin ba wanda ya kai ni sa'a a bayan ƙasa. Da sassafe iskar tudu ta tura mu, da azahar ta teku ta karɓe mu, jajayen duwatsun Goa suka wuce ta hannun damanmu, Kawu yana dafa shinkafa da ɗanyen kifi yana zagina don na cika waƙa. Jirgin kuwa ko sandar tuƙi na saki, sai ya miƙa hanci arewa da kansa, kamar akuya ta ji magariba. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, abin nan ya fi ka ɗokin gida, kai da ke da budurwa." Muka yi ta dariya. Yanzu in na tuna dariyar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Jiya da rana tsaka, mun wuce duwatsun Malvan, igiyar anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ta sarƙe a ɗan ramin da ke ƙarƙashin goshin jirgi. Na kwanta rub da ciki na cusa kai da kafaɗa. Akwai wani siririn katako da aka liƙa daga ciki, ya ruɓe, da na dafa shi sai ya ɓalle. Hannuna ya sauka a kan katakon asali, na ji yatsuna sun faɗa cikin wani zane da aka sassaƙa da wuƙa. Na matsa gefe don haske ya shigo.

Tafin hannu ne. Ƙarami, na yarinya. Yatsu huɗu a miƙe, ƙaramin yatsa a karkace, ya lanƙwasa waje.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mehru, ko a cikin hannaye dubu zan gane wannan yatsa! Kin tuna ranar bayan ƙaramar Sallah, wajen ragayar shanya kifi, da kika miƙo mini kofin ruwa, idona ya tsaya a kan ɗan yatsanki, kika yi maza kika ɓoye shi cikin mayafi? Na ce ki fito da shi, shi na fi so duk cikin goman. Kika harare ni kika ce dutsen niƙa ne ya danne shi kina 'yar shekara shida. Daga nan kika ba ni labarin da ba ki taɓa ba kowa ba. Ranar da aka tura sabon jirgin Abbanki ruwa, aka yi yadda kowane gida ke yi a garinmu: babbar 'yar gida ta tsoma hannu cikin ruwan gangamau, wato kurkum, ta dafa cikin goshin jirgi. Na sauran mutane damina ɗaya ke wanke shi. Shi kuwa Baba Yaƙub bai yarda ba, ya zaro wuƙa ya bi gefen tafinki ya sassaƙa, yana cewa, "Wannan karkataccen ɗan yatsa shi zai riƙa nuna mini hanyar gida." Kika ce mini, hannunki ya tafi teku tare da shi, shekara uku a lokacin, bai dawo ba. Yau shekara bakwai.

Jirgin babanki na saya, Mehru. Shi nake zaune a ciki ina rubuta miki wannan.

Ban san yadda na fito daga ramin ba. Na yi wa Kawu nuni da wurin. Ya cusa kai, ya daɗe, ya fito fuskarsa kamar toka. Ya rarrafa tsakiyar jirgi ya kankare fenti da farce a wani wuri, ya ce, "Wannan katakon mangwaro ni na sa masa shi. Ni da hannuna. Yaƙub yana riƙe mini ƙusa." Ya zauna daɓas. Zane yana ta kaɗawa ba mai kula shi, jirgi yana tafiya da mu shi kaɗai.

Ba zan ɓoye miki abin da ya biyo baya ba, ko da zai rage mini daraja a idonki. Bayan kamar sa'a guda Kawu ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko gizago. Ya ce, "Ɗan nan, saurara. Sara uku, fenti ɗaya, magana ta mutu. Wa ya gani? Ni, da kai, da kifi." Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Tsoron Allah ne ya sa nake faɗa maka. Hawabi, uwar yarinyar nan, ta saba da jiranta, jiran nan ne ke tashinta da safe. Ka kai mata wannan, ka ƙwace mata shi. Sannan jirgi ya zama gadon marayu, kai ka koma ɗan jan komar wani, ka rasa jirgi ka rasa mata. Shekara huɗu, sakarai! Dubi hannunka!" Yana faɗa hawaye na bin gemunsa, don shi ma abokinsa ne.

Na karɓi gizagon. Ki ji da kyau, na karɓa. Na sake cusa kai cikin ramin, na ɗaga shi, na daidaita bakinsa a kan tafin. Wayyo Allah! Wa zai sari hannun da yake fatan riƙewa ranar ɗaurin aure? Ta yaya zan zauna da ke shekara arba'in, in fita da wannan jirgi da asuba in dawo da yamma, ki tarye ni a bakin ruwa ki karɓi kwandon kifi, ki dafa gefensa da wannan yatsa, ni kuma in yi shiru? Ummanki tana hawa tudun fitilar jiragen ruwa kullum bayan la'asar tana duban teku, abin da take jira yana ɗaure a ƙasan tudun da shuɗin fenti? Na ajiye gizagon. Na ɗora tafina a kan naki, ya rufe shi ruf, na yi kukan da rabona da irinsa tun mutuwar mahaifina.

Kin fi ni sanin abin da nake tafe da shi. A garinmu ba a yi wa wanda ya ɓata a ruwa sallar gawa sai teku ta mayar da wani abu nasa, ko hula ce, ko guntun katako. Na Baba Yaƙub ba ta mayar da komai ba. Shi ya sa Umma ke wanke hularsa kowace Juma'a, shi ya sa ta kori maƙwabciyarku da tsintsiya ranar da bakinta ya suɓuce ta yi masa addu'ar mamata. Ni da na fita neman abin da zan faranta mata rai da shi, ni aka zaɓa in kawo mata wannan! Me na yi? Cikin jiragen da ke gaɓar nan tun daga Bombay har ƙarshen ƙasa, me ya kai ni ga wannan? Na juya tambayar har kaina ya yi zafi. Amsa ɗaya nake samu, ita ce maganar Abbanki. Yatsan ya nuna hanyar gida, ya dai daɗe bai sami wanda zai ɗaga masa zane ba.

Ga roƙona, ya hasken gidan Yaƙub. Na ba direban motar kifi wannan takarda, gobe Alhamis za ta iso hannunki. Mu kuma in Allah ya yarda za mu shigo bakin kogin garinmu ranar Juma'a da hantsi, da cikowar ruwa. Yau tun safe ni da Kawu muke kankare shuɗin fenti. Ya daina zagina, shi ya fi ni ma ƙwazo. Koren da kuka sani yana nan a ƙarƙashi, daga nesa Umma za ta gane shi. Kar ki bari ta gan shi ita kaɗai daga kan tudu, kar ki bari zuciyarta ta yi tsalle ta zaci shi ne a kan sandar tuƙi, ko da na ƙiftawar ido ne. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ki zaunar da ita gobe, ki riƙe hannunta, ki gaya mata. In ba za ki iya ba, ki kira liman ya taya ki. Na san nauyin da na ɗora miki ya fi ƙarfin kafaɗarki, ki yafe mini, ba ni da wani wanda zan ɗora wa.

In Umma ta tsane ni don ni na kawo labarin, ba zan ga laifinta ba. In ke ma kika kasa kallon fuskata na wani lokaci, zan jira a inda kika ajiye ni. Amma akwai kalmar da ba a taɓa furtawa a gidanku ba, bari ni in fara, tunda ni na gani da idona: Allah ya jiƙan Baba Yaƙub, ya sa teku ta zame masa shimfiɗa mai sanyi, ya haɗa shi da masu shahada.

Jirgin kuma naku ne, ke da Umma. Kawu ya ce in an kai maganar gaban dattawa wataƙila a bar mini shi, tunda da gumina na saya. Ba za a kai ba. Zan ɗaure shi a turken Abbanki da ke nan ba kowa tun shekara bakwai, in miƙa miki igiyar, in sauka da buhun kayana kamar yadda na fita.

Saboda haka ga ni nan tafe, Mehru, yadda Umma ta ce kar in zo: mai jan komar wani. In maganarta tana nan, zan koma Bombay in sake wata shekara huɗu, in sake wata bayanta, gashina ya yi fari ina sonki kamar yau. In kuwa sabuwar mai jirgin tana neman wanda zai fitar mata da shi da asuba ya dawo mata da shi lafiya, ki gaya mata akwai wani mai fasassun hannaye da ya riga ya san halinsa, ba ya kuma neman lada sai a bar shi ya riƙe ɗan yatsa guda.

Naki, a tudu da ruwa, har ranar da za a yi mini tawa sallar,

Kamruddin,
wanda har yanzu ba shi da jirgi.