Ranar da Qudus Ya Tambayi Kwamishina Kan Maƙabartar Unguwa

Fagge, Kano.

Zuwa ga ƙanena Hambali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sharifa da yara. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Allah ya buɗa maka, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Inna ƙafar nan ce dai take tashi in an yi ruwa, amma har yanzu da kanta take zuwa alwala, ba ta yarda a riƙe ta. Ƙanwarmu Khairiyya ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunan Baba, Abdulƙahhar, muna kiransa Abba. Maigidana Malam Abdulnasir yana nan yana fama da shago a Kantin Kwari, shi ne ma ya samo mini ɗan kasuwar da zai kawo maka wannan.

Na zaɓi in rubuto ne saboda ranar da ka kira bayan ka ga bidiyon maƙabarta, ranka a ɓace yake, ni kuma Inna na zaune kusa da ni, ban iya ba ka amsar abin da ka tambaya ba. Yanzu ga amsar, ka yi haƙuri. Kabarin Baba yana cikin waɗanda ruwan ya taɓa. Da safe mazan unguwa suka shiga da liman, Malam yana cikinsu, aka tattara abin da aka samu, aka sa cikin sabon likkafani, aka mayar a tudu ta wajen yamma cikin mutunci da addu'a. Inna ta sani yanzu. Ta yi kuka, sannan ta ce Allah ya san inda bawansa yake. Ina so kai ma ka riƙe wannan.

Ka tuna tsohuwar kwatar da ke kwashe ruwa daga wajen tashar jirgin ƙasa ta bi bayan maƙabarta? Da aka zo faɗaɗa titi bara, aka cike ta, aka ce za a yi sabuwa. Aka buɗe titin da kiɗa da jawabi, kwata kuwa babu. Damina na zuwa ruwan ya nemi hanya, ya kayar da katangar gabas, ya ratsa kaburbura, ya gangara har Sabon Gari ya cika wa mutane shaguna.

A waya ka ce Qudus ya shiga majalisar jiha ya ci ya ƙoshi ya manta da unguwar da ta raine shi. Na san abokinka ne tun kuna tallan burodin mahaifiyarsa Iya Mulikat tare, shi ya sa abin ya fi yi maka zafi. Amma ba haka aka yi ba. A safiyar da aka shiga maƙabartar yana cikin taɓo da mutane, wandonsa a naɗe, ba ɗan sanda ba ɗan jarida. Da majalisa ta zauna ya miƙe ya gabatar da ƙudirin gaggawa, wato ya roƙi a ajiye sauran ayyukan ranar a saurari wannan, ya nemi a umarci kwamitin da yake shugabanta ya binciki yadda aka buɗe titi babu kwata. A rediyo muka ji shi. Aka amince. Ka kuma sani jam'iyyarsa ce ke mulki, kwamishinan da ma'aikatarsa ta yi aikin kuwa na gaba-gaba ne a cikinta.

Daga nan wahalarsa ta fara. Ya kwaso 'yan kwamitin ya kawo su gani da ido, wasunsu ba su ma sauko daga mota ba. Aka gayyaci kwamishina, ya aiko da darakta, daraktan ya ce shi ba a ba shi izinin magana ba. Aka sake gayyata, aka ce ya yi tafiya. Su kuma manyan jam'iyya suka riƙa zarya gidan Iya Mulikat, don sun san ba ya tsallake maganarta. Wata rana ta zo wajen Inna a rikice, ta ce an gaya mata wai ɗanta yana tona wa gwamnati asiri, wai har an fara tuna masa cewa kakansa daga Ogbomosho ta ƙasar Yarbawa ya zo. Ta ce ita a Fagge aka yanke mata cibi, mijinta Baba Yekini a maƙabartar nan yake kwance, amma tana tsoro, don ɗan nan ɗaya gare ta namiji. Ta roƙe shi ya bari. Ya durƙusa gabanta ya ce in ta hana shi zai bari, amma sai dai ya ajiye kujerar gaba ɗaya, don ba zai iya zama a kanta bakinsa a rufe ba. Bayan kwana biyu ta aika masa cewa ya je, Allah ya tsare.

Abin da ya fito da kwamishina, Malam ne ya fahimtar da ni. Ma'aikatar ta kawo buƙatar ƙarin kasafi, kuma ba a taɓa kuɗin gwamnati sai majalisa ta yarda. Qudus ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, na jam'iyyarsa da na adawa, har suka tsaya a kan ba za a duba buƙatar ba sai mai ma'aikatar ya zo da ƙafarsa. Ni da ban san majalisa na da wannan igiyar a hannunta ba. Na ɗauka hayaniya kawai suke yi.

Ranar zaman na ce wa Malam ni ma zan je. Ban taɓa shiga wurin ba. Aka bincike jakata a ƙofa, aka nuna mana kujerun baƙi ta baya. Kusa da ni wata Madam Chinyere ce, mai sayar da kayan masarufi a Sabon Gari, ruwan ya lalata mata buhunan shinkafa da sukari da ta saro a kasuwar Singa. Ba mu san juna ba, amma kafin a tashi ita ce ta ba ni hankici.

Kwamishina ya zo da jama'arsa. Mutum ne mai iya magana, ba zan rage shi ba. Ya yi ta'aziyya, ya lissafo titunan da aka yi a jiha, ya ce ruwan bana an daɗe ba a ga irinsa ba, kuma ruwa daga Allah yake. Wasu suka tafa. Na ce a raina shi ke nan. Qudus bai ɗaga murya ba. Ya gode masa, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, ruwa daga Allah yake, babu musu. Amma hanyar da ruwan ya saba bi, mutum ne ya toshe ta. Wa ya ba da umarnin a buɗe titin nan kafin a haƙa kwata?"

Kwamishina ya ce kwatar tana cikin kashi na biyu na aikin. Qudus ya sake maimaita tambayar yadda take. Kwamishina ya ce ai ɗan kwangila ne ya yi jinkiri. Qudus ya ce ɗan kwangila ba ya buɗe titi, ya sake tambaya. Wani ɗan majalisa ya miƙe yana cewa ana ci wa baƙo fuska, aka yi ta ce-ce-ku-ce, Qudus kuwa yana zaune yana jira har wuri ya lafa. Sai ya ce yana so mai girma kwamishina ya waiwaya ya ga mutanen da ke baya, iyayensu ne ke kwance a maƙabartar nan, ba su zo don a kori kowa daga aiki ba, sun zo su ji gaskiya da ranar da za a fara gyara. Mutumin ya waiwayo. Hambali, idonsa ya sauka a kanmu, na ga fuskarsa ta canja. Ya cire tabarau. Sannan ya ce shi ne ya sa hannu. An matsa a buɗe titin kafin bikin cika shekara, injiniyoyi sun gargaɗe shi, ya ɗauka za a kammala kafin damina. Ya ce ya yi kuskure, yana neman gafarar iyalai. Wallahi na zo da haushinsa, amma a lokacin har tausayi ya ba ni, don na ga shi ma akwai na sama da shi da ba zai iya ambata ba.

Qudus bai tsaya a neman gafara ba. Ya sa ya faɗi ranar fara aiki da bakinsa, aka rubuta, aka kuma ajiye cewa zai dawo gaban kwamitin ya ba da bayanin inda aka kwana. Da rahoton ya je zauren majalisa, kakaki ya sa aka kaɗa ƙuri'a, ya wuce.

Ba zan ɓoye maka ba, abin bai zo masa da sauƙi ba. Ba a jima ba aka yi garambawul, aka karɓe shugabancin kwamitin daga hannunsa, aka tura shi wani kwamitin da ko ofis ba shi da shi. Ana ta raɗe-raɗin ba za su sake ba shi takara ba. Wasu da ke cika ƙofar gidansa sun ɗauke ƙafa. Ya rame. Amma ko da aka cire shi, duk sanda aikin ya tsaya sai ya miƙe a zaure ya tuna musu alkawarin da aka rubuta, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Sarkin Kwata. Yana dariya in an faɗa, Iya Mulikat ce ba ta so. Diyyar 'yan kasuwa irin su Madam Chinyere kuwa har yau shiru, yana kan bi.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi. Inna ta kasa zama, ta ce sai an kai ta ta gani. Na tari Adaidaita, muka biya muka ɗauki Iya Mulikat, muka je muka tsaya daga wajen sabuwar katanga, lema ɗaya mu uku. Ruwan ya taho daga wajen tasha ja wur, da ƙarfinsa, ya faɗa sabuwar kwatar ya wuce, ko gindin katangar bai taɓa ba. Tsofaffin nan biyu suka tsaya suna kallo, zanensu ya jiƙe sharkaf, na yi na yi su koma cikin Adaidaita suka ƙi. Can Inna ta kama hannun Iya Mulikat ta ce: "Mazanmu sun samu barci. Allah ya yi wa ɗanki albarka." Iya Mulikat ta riƙa gyaɗa kai.

Ka gaishe mini da Sharifa da kyau, ka ce man kaɗen da ta aiko ya iso, Inna da shi take shafa ƙafa. Ka shafa mini kan yara. Inna tana sa maka albarka, Malam da Khairiyya da mijinta suna gaisuwa, Iya Mulikat da Fareedah matar Qudus ma sun ce in gaishe ka. Ka riƙa sa Baba a addu'a, da duk waɗanda ke kwance tare da shi. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Yagana Abdulƙahhar.