Sani Ya Samu Aikin Gwajin Man Inji

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya. Yaya maigidanki da yara? Mu nan Fagge sai godiya.

Ki kwantar da hankalinki, ɗanki Sani ya bar dakon gyaɗa! Wani kamfanin motoci a Sabon Gari ya ɗauke shi aikin gwajin man inji. Yakan dafa man cikin kwalba yana hura masa iska, ya ga ko zai yi baƙi da kauri. Kakarsa ta ce, "Angona, duk bokon nan a suya ya ƙare?" Muka yi ta dariya, sannan ta juya tana share hawaye.

Ki sa shi a addu'a. A gaida maƙwabta.

Mahaifinki,
Audu