Na ce ban san ana ɗaukar muryata ba, ranar Juma'a za a ba ni Alƙur'ani

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan kawo ma duk canza su na yi. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu in faɗa, wanda ya san wa'azi a kan kiɗa zai yi mini ya riƙe abinsa, na sha shi tun ina yaro, ba shi ya kawo ni ba. Kwana uku ya rage a ɗora mini Alƙur'ani a hannu a gaban dagaci, kuma auren 'yata ne a kan maganar.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Makarfi da Ikara, na haura hamsin, noman rake nake yi, boko a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutun. Ubana makaɗin gangar noma ne, a zamaninsa duk gayyar da za a yi daga yankinmu har Saulawa shi ake kira. Wanda bai san gayya ba, taron noma ne, maza su jeru a gonar mutum ɗaya, makaɗi yana bayansu, wanda ya yi gaba a wasa shi, wanda ya yi baya a yi masa zambo har ya ji kunya ya ƙara hannu. Na gaji gangar, amma ta fi shekara ashirin a rataye, gayya ta mutu, yanzu kowa feshi da 'yan ƙwadago.

Akwai ɗan yayana marigayi, Nura, ni na riƙe shi tun yana shekara tara. Na tura shi Zariya karatu, ya dawo mini da gita. Shi da abokansa uku suka kafa ƙungiya, wai kiɗan rok, kuma ko a cikin rok ɗin wai nasu daban ne, ba na biki ba ne, ba na fim ba ne. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, kada in ƙara musu talla. Kiɗa ne da gita ke kuka kamar injin markaɗe ya haɗiyi dutse, wani yaron Kudan yana dukan ganguna da faranta kamar sun zagi uwarsa, Nura yana ihu a kai da Hausa. Shekara huɗu suna wannan haukan, bara suka ce za su shiga situdiyo su yi albam, waƙa goma. Sai ga Nura a gona, ya durƙusa ya gaishe ni, wai Baffa muna son gangar Kaka a cikin waƙa ɗaya, kada ta mutu a bango. Sau uku ina korarsa. A na huɗu ya zo da sabuwar fata ya ce ko ban je ba a gyara gangar. Abin da ya karya ni ke nan.

Kafin in kai ku situdiyo sai na gaya muku waye Alhaji Sabo. Surukina ne, ɗansa Kabiru ke auren 'yata Hadiza, 'ya'yansu biyu. Garinmu ɗaya, tare muka yi makarantar allo, shi ya samu dilancin taki ya koma Ikara ya gina bene. Lokacin da yaran suka daidaita kansu, shi ne ya ce ɗansa ba zai kwaso masa jinin maroƙa ba, sai da iyayen gari suka sa baki. Ranar ɗaurin aure aka kai baƙinsa falo, ni uban amarya aka shimfiɗa mini tabarma a bakin gareji. Da aka yi sunan jikana na fari ya nuna ni ga abokansa yana dariya, ya ce ga surukina, in kuna da biki ku neme shi, ba shi da tsada. Shekara bakwai ina haɗiye irin wannan saboda Hadiza. Kuma uban wannan mai bene, marigayi Tanko, duk dattijon garinmu ya san shi ne ragon da ba a taɓa yin irinsa ba. Shi ne aka taɓa nema a gayya aka rasa, aka same shi cikin rake yana barci ya yi matashi da garma, ya shanye furar mutum biyar. Ubana ya yi masa baiti a kai, aka yi shekaru ana rerawa, da Tanko ya rasu ubana ya ce an binne baitin tare da shi, bai sake yi ba har ya koma ga Allah.

To, muka je situdiyo a Zariya da safe. Ɗaki ne ƙarami an manna soso a bango, ba taga, zafi kamar gidan burodi. Akwai wani furodusa, wato mai haɗa sautin, yaro ne da gashi kamar an kifa masa tsintsiya, yana zaune bayan gilashi yana ba ni umarni. Suka sa mini abin ji a kunne, wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas, wai in bi shi. Na ce masa gangar noma ba agogo take bi ba, garma take bi, a farkon kunya a hankali ake tafiya, in an hango ƙarshe sai a kunna wuta. Ya ce Baba a nan dole a bi na'ura. Sau goma sha wani abu yana tsayar da ni, wai na yi sauri, wai na yi baya, yaron Kudan ɗin nan yana ƙunshe dariya. Ni da na fara riƙe ganga tun ba a haifi ubansa ba. Na cire abin kunnen zan tafi, Nura ya tare ƙofa ya roƙi furodusa a kashe ƙas-ƙas ɗin, ya ce Baffa ka manta da mu, ka yi yadda Kaka yake yi a gona, mu ne za mu bi ka.

Na rufe ido na fara. Wallahi jama'a sai na ji ƙamshin ƙasa. Na wasa mazan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, yaran suka shigo da gitocinsu a baya, kuma ban ɓoye muku ba, abin ya zauna. Sai baitin Tanko ya fito:

Tanko na Indo ina garmarka,
Ta zama matashi a cikin rake,
Maza suna kan kunya ta goma,
Tanko yana kan ƙwarya ta uku.

Wata biyar suna haɗa abinsu, suka sake shi a intanet bayan ƙaramar salla. Waƙa tara babu wanda ya kula da su a yankinmu, wa zai saurari injin markaɗe. Amma ta bakwai, wadda nake ciki, kafin sati biyu masu cajin waya a kasuwar Makarfi sun tura wa kowa. 'Yan acaba suka sa a sifika. Aka yanko baitin Tanko shi kaɗai ana ɗora shi a kan bidiyon duk wanda aka kama yana barci a wurin aiki. A Ikara in Alhaji Sabo ya wuce a mota sai a bi shi da ƙwarya ta uku. An ce har a shagonsa wani ya zo sayen taki ya tambaya ko suna sayar da matashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, da labarin ya zo mini sai da na zauna a bakin rijiya na yi dariya har hawaye.

Dariyar ba ta kwana biyu ba sai ga Hadiza a motar haya da yara da jaka, wai Alhaji ya ce ta je gida ta huta. Kabiru kuwa lusari ne, ko kallon idon ubansa ba ya iyawa, sai dai ya kira ta a ɓoye yana ba ta haƙuri. Na wanke ƙafa na je Ikara. Alhaji ya bar ni a tsaye a bakin gareji ɗin nan dai, ya ce dama ya faɗa, maroƙi ko ya je Makka ya dawo bakinsa na roƙo ne, mun tono ubansa daga kabari mun sayar wa 'yan iska. Na ce ubana bai taɓa yi wa kowa ƙarya a waƙa ba. Ya ce in fita. Da na ga abin zai tafi da auren, sai na ce masa ni ban san ana ɗauka ba, gwaji aka ce mini ana yi, yaran ne suka naɗe a ɓoye suka saka ba da sanina ba. Haka na faɗa wa dagaci, haka na faɗa wa matata, haka na faɗa a masallaci. Gari ya juya kan Nura, ana cewa ɗan da aka riƙa ya ci amanar mariƙinsa, uwarsa ko gidan suna ta daina zuwa.

Dagaci ya tara mu makon jiya, Nura bai zo ba. Alhaji ya ce shi sharaɗinsa ɗaya ne, ranar Juma'a bayan an sauko in yi alwala in dafa Alƙur'ani in rantse ban san ana ɗauka ba. In na rantse, Hadiza ta koma ɗakinta a ranar, shi kuma zai ji da Nura, ya ce yana da lauya, sai an sauke albam ɗin gaba ɗaya kuma sai yaron ya kwana a ofishin 'yan sanda. In na ƙi, Kabiru ya rubuta takarda. Dattawa suka ce ai wannan mai sauƙi ne, mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa. Na ce haka ne.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, shi ya sa na ce a ɓoye sunana. A saman ƙofar ɗakin nan akwai wata jar fitila, tun da safe furodusa ya gaya mini in tana ci to ana ɗauka. Kafin in shiga baitin Tanko na buɗe ido na kalle ta, tana ci. Akwai mai riƙe da waya yana bidiyo, na juya na ce masa, kai, matso, ɗauki wannan da kyau, akwai mai bene da nake so ya ji. Bayan haka, kafin su saki albam ɗin, Nura ya turo mini waƙar ya kira ni, ya ce Baffa wannan Tankon ba kakan mijin Hadiza ba ne, ko a cire? Na ce masa in ya cire ko kalma ɗaya ya cire gangar ubana gaba ɗaya. Sau uku na saurare ta a gona a ranar, ina jin daɗi.

Shekaranjiya Nura ya zo, bai shiga gari ba, a gona ya same ni. Ya rame. Na ɗauka rashin kunya ya zo yi, na ma shirya masa. Sai ya durƙusa kamar kullum ya ce Baffa bidiyon nan yana wayata, ban nuna wa kowa ba, 'yan ƙungiya suna ta matsa mini in sake shi in wanke mu, har yaron Kudan mai dukan ganguna ya ce zai fita daga ƙungiyar, na hana. Ya ce in kana so in goge a gabanka sai in goge, Hadiza ƙanwata ce, albam kuma a sake wani. Amma Baffa kada ka dafa Alƙur'ani. Na ce uban wa ya aiko ka ka koya mini addini, da gitarka? Na ce ya tashi ya bar mini gona. Ya tashi, ya ce a gaida su Inna, ya hau acaba.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa. Wa ya ce ya kawo mini fata? Wa ya ce a kashe ƙas-ƙas? Ina zamana da gangata a bango, ba ruwana da kowa, suka zo suka taso ni don su samu abin da zai sa a saurari hayaniyarsu, ga shi sun samu, an ce har daga Legas ana kiran su wasa saboda waƙar. Shi kuma Alhaji, shekara bakwai yana taka ni a gaban mutane ba wanda ya tara dattawa, layi huɗu na gaskiya sun fito an nemo Alƙur'ani. Duk na tsane su, har furodusan. Amma ko na kwana ina zaginsu, fitilar nan dai tana ci, kuma na gan ta.

To ku gaya mini. In rantse, 'yata ta koma ɗakinta, in bar ɗan yayana da lauya da 'yan sanda da aikin shekara huɗu a ƙasa, ni kuma in jira abin da rantsuwar ƙarya ke yi wa mutum? Ko in tsaya gaban dagaci da mutumin da ya kira ni maroƙi in ce ni ne, da gangan na yi, ƙarya na yi muku wata guda, in duƙa in ba shi haƙuri, alhali ban da tabbacin ko hakan zai hana takardar? Akwai wanda ya san wata hanya ta uku da ba sai na durƙusa wa Sabo ba? Kada wanda ya ce mini in yi addu'a kawai, ina yi.

Jiya da la'asar ina gyaran garma a tsakar gida, jikana ɗan shekara biyar yana wasa da gwangwani yana rera ƙwarya ta uku, bai san kakan ubansa yake yi wa ba. Hadiza ta fito ta ɗauke shi, sannan ta tsaya a kaina ta ce, Baba, ni dai ka gaya mini tsakaninka da Allah, ka sani ko ba ka sani ba? Na ce ta kawo mini ruwa. Ta kawo, ta ajiye, ta tsaya tana jira. Na sha na koma kan garmata, ita kuwa ta ce ranar Juma'a za ta bi ni gidan dagaci.